Kar A Taɓa Darbejiyar Ƙofar Gida

Baban yara,

Na wuce wurin aiki. Na ga ka gaji, shi ya sa ban tashe ka ba.

Ɗazu ina shara na tarar ƙasar gindin darbejiyarmu ta yi baƙi ƙirin, tana warin baƙin mai. Har yashi aka barbaɗa a kai don kar a gane. Ashe abin da ke sa ganyenta zuba ke nan, ni kuwa ina ta ɗora wa zafin rana laifi.

Ina nan tsaye sai ga bakaniken da ke kusa da mu, baki har kunne. Wai, "Maƙwabciya, bishiyar nan fa ta mutu, kar ta faɗo wa yara. Ina da mai injin yanka, kyauta zai cire muku."

Ban ce shi ne ba, don ban kama hannun kowa ba. Amma duk layin nan wa ke da baƙin mai jarka-jarka? Wa kuma ke ta kukan rashin wurin ajiye motoci?

Na kwashe ƙasar, na zuba sabuwa, na ba ta ruwa.

Ya ce zai dawo ku yi magana ta maza. Na san halinka, da an gaishe ka da ladabi sai ka ce to. Don Allah ko reshe kar ka yarda a sara. Ba don inuwarta ba, da ɗakinmu bai kwantuwa da rana.

In ya matsa, ka tambaye shi: yaya aka yi ya san ta mutu tun ba ta mutu ba?

Maman yara