Sun Cire Ni, Sun Riƙe Fiton Baba

Yaya Aminatou,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikin Inna, yaya yara da mutanen Maradi? Ni lafiyata lau, ina taya abokina Harouna tsaron shago a nan titin Grand Concourse, abinci bai gagare ni ba.

Ƙungiyarmu ta kiɗan ska-punk ta sallame ni. Shekara tara ina busa musu ƙaho. Mu shida muka kafa ta, biyar suka watse ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya shigo, ni na gwada shi, ni na koya masa waƙoƙin. An gayyace mu wasa Kanada, takarduna ba su fito ba, ba ni da halin tsallaka iyaka. Sai suka zauna ba da ni ba, suka ɗauko wani. A waya suka turo mini saƙo, layi biyu. Ko kira babu wanda ya iya yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, fiton da marigayi Baba yake kiranmu da shi daga gona, wanda na mayar mabuɗin wasanmu, har yau da shi suke buɗewa. Sabon mai ƙahon yana busa shi a gaggauce kamar ana korarsa.

Ki ce wa Inna muna hutu. Don Allah kada ki kunna mata sabon bidiyon ƙungiyar. Idonta ya yi rauni, amma busa ɗaya za ta ji ta san ba ɗanta ba ne.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki,
Yacouba