Baƙuwar Kwalin Agada

Tottenham, 4 ga Nuwamba, 1991

Sakinatu,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ra'ayina yana nan: mutumin da ya fara da dako har ya kafa kanti a London ba zai yi murna 'yarsa ta bar likitanci ta koma karatun dabbobi ba. Tambaya ce kawai ta sa na ɗauki biro.

Jiya na buɗe kwalin agada daga Kolombiya, na tarar da wata aba kamar ɓera, idanu dara-dara, wutsiya naɗe da reshe, jarirai manne a cikinta. Uwarki ta ce, "Alhaji, kashe ta kafin 'yan duba-gari na council su ji." Ni da na tsufa ina yaƙi da ɓera na san ba shi ba ne. Rawar sanyi take, ta ƙi gero. Mece ce?

Mahaifinki,
Alhaji Maharazu

Aberdeen, 6 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, a gaida Umma. Sunanta opossum, 'yar kurmi ce. Da rana barci take, da dare ta bi rassa tana farautar ƙwari, wutsiyar nan hannu ce gare ta. Jariran suna riƙe nono har su yi ƙwari su hau bayanta; wanda ya saki da wuri ba ya rayuwa. Sanyi zai kashe ta. A ba ta ɗumi, dafaffen ƙwai da tsutsa, sannan a kai ta zoo na Regent's Park.

'Yarka mai biyayya,
Sakinatu

Tottenham, 9 ga Nuwamba

Sakinatu,

Muna gaishe ki. "Mai biyayya" na gani, na yi dariya.

Na sa ta a ɗakinki, hitarsa ta fi kyau. Tsutsa sayowa na yi wajen masu kamun kifi, don kantina ba ya tara ƙwari. Tana ci. Jariri guda ya mutu. Ba ita ta kore shi ba, shi ya saki.

Bayan Juma'a na leƙa zoo. Baturen da ke kula da dabbobin ya tambayi ainihin irinta, na ce 'yata ce masaniyar, ita za ta kawo ta. Ban saba faɗin magana ta faɗi ƙasa ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

Aberdeen, 11 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaisuwa. Na yanki tikiti, Asabar ina tafe. A bar ta a ɗakin, na kwana a falo.

Ni ban saki ba.

Sakinatu