Haihuwa Goma a Takarda

Litinin, 3 ga Maris
An saka ni a kwamitin gyaran manhajar makarantar likitanci, wakiliyar 'yan ajin ƙarshe. Kowa ya noƙe, ni kuma an san bakina ba ya shiru. Aikina in raba fom, kowa ya rubuta abin da ke damunsa da karatun ba tare da suna ba, in tace, in kai wa Farfesa, shugaban kwamiti. Shafi ɗaya yake so. Mutum ɗari da arba'in, shekara shida, shafi ɗaya.

Alhamis, 6 ga Maris
Na karanta duka. Fanka ba ta aiki. Malamai na makara. Wani ɗan banza ya zana jaki sanye da farar riga. Sai guda ɗaya da ta tsaya min a wuya: "Saura wata uku a kira ni likita. Littafin aikina ya ce na karɓi haihuwa goma. Ban taɓa karɓar ko ɗaya ba. Ina tsoro."

Rubutun Doguwa ne. Shekara biyar muna ɗaki ɗaya, na san yadda take kwantar da haruffanta.

Kuma ba sharri ta yi ba. Nawa littafin ma goma ya ce. Biyu na karɓa da hannuna, ɗayar ma ungozoma ce ta fito da kan, ni na tari ƙafafu. Sauran takwas ta bayan kafaɗun mutane na leƙa. Sati huɗu ake ba mu a ɗakin haihuwa, mu talatin da biyar a lokaci guda, ga ɗaliban ungozoma da suka fi mu fada a wurin. Ranar ƙarshe sai a jera littattafai a tebur, Sista mai kula da ɗakin ta yi ta sa hannu tana hira. Kowa ya sani.

Talata, 11 ga Maris
Zaman farko. Shayi da biskit. Farfesa ya haska allo: kowane ɗalibi yana cika haihuwa goma, don haka wannan ɓangaren ba ya buƙatar taɓawa. Aka shafe awa guda kan ko darasin ƙarfe takwas ya koma takwas da rabi. Na sha shayina na yi gum. Ni, mai baki.

Laraba, 12 ga Maris
Na gaya wa Doguwa na gane rubutunta. Ta zauna a bakin gado. "Don Allah ki yaga. Raina ne a ɓace ranar." Na ce to tsoron fa, ya tafi? Ta ce, "Da tsorona zan fita. Ke kuwa so kike ki hana mu fita gaba ɗaya. Babana ya gama gaya wa dangi."

Na yaga a gabanta. Sai dai na riga na haddace.

Talata, 18 ga Maris
Na saka maganar a shafin, ba suna. Na ba da shawara a rarraba mu ƙananan asibitoci, inda haihuwa ta fi hannaye yawa. Sau uku ina gogewa ina mayarwa.

Alhamis, 20 ga Maris
Farfesa ya cire tabarau. "Wannan zargi ne babba, 'yata. Ba ma aiki da an ce. Akwai hujja?" Shugabar sashen haihuwa ta ce ita dai ba ta taɓa jin haka ba. Ita da a nan ta yi karatu!

Littafin wa zan kawo? Na buɗe jaka na ajiye nawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan da wannan ne na gaske. Sauran kallo na yi."

Wallahi na ɗauka hankalinsu zai tashi saboda matan da za su faɗo hannunmu. Ya tashi kuwa, amma saboda takarda. Farfesa ya ce an gode da gaskiyata. Ya rufe littafin, bai mayar min ba.

Laraba, 2 ga Afrilu
Hukunci ya fito. An soke sa hannu takwas. Bayan jarrabawa zan koma ɗakin haihuwa har sai na cika goma, kuma ba zan yi rantsuwar likitoci da 'yan ajinmu ba. A rahoton kwamiti an rubuta wai "an samu ɗaliba ɗaya". Ɗaya! Gyaran da aka yi: daga yanzu sa hannu biyu ake so, na ungozoma da na likita. Maganar ƙananan asibitoci kuwa za a duba. Darasi ya koma takwas da rabi.

Mama a waya: "Ke kaɗai ce mai gaskiya a makarantar?" Na kashe wayar na yi kukana.

Litinin, 28 ga Afrilu
A aji sunana ya koma Hujja. Sista ba ta amsa gaisuwata, ta sha tambayoyi saboda ni. Doguwa a ɗakin wata take karatu yanzu.

Asabar, 14 ga Yuni
Sun yi rantsuwa. Daga ɗaki nake jin tafi, baƙin ciki kamar ya kashe ni. Da yamma Doguwa ta shigo kwashe kayanta. Ta ce an tura ta wani asibiti mai likita biyu kacal, ita ce ta biyun. Ta tsaya a ƙofa. "Ki riƙa yi min addu'a." Addu'ar da ta zo bakina ta matan wurin ce. Na haɗiye, na ce Allah ya tsare.

Litinin, 7 ga Yuli
Na koma. Sista ta ce, "Ga mai gaskiya ta dawo. Ba za ki ga sa hannuna ba sai na ga jini a safar hannunki." Layi zan bi kamar kowa.

Alhamis, 24 ga Yuli
Shida. Hannuna ya saba. Ba zan ce sun kyauta min ba.

Talata, 19 ga Agusta
Tara. Saura ɗaya in karɓi takardata in bar musu wurinsu. Yau layi ya zo kaina: mata ce da ta zo haihuwarta ta uku, naƙuda na tafiya daidai, irin wadda kowa ke fata.

Sababbin 'yan ajin ƙarshe na jingine da bango, satinsu na ƙarshe ke nan a ɗakin haihuwa. Wata siririya ta rungume littafinta tana ɗage don ta hango. Ban san abin da ya kai bakina ba, na ce, "Ke, nawa kika karɓa?" Ta ce, "A littafi, ko...?"

Na miƙa mata safar hannu. Na ce wa matar ɗaliba ce, ina nan tare da ita, ta ce ko wa ma ya zo ya cire mata shi. Na tsaya a bayan ɗalibar, na ɗora hannuna kan nata, ina cewa a hankali, kar ki ja, bari ya juyo da kansa. Namiji ne. Ɗalibar ta fi jaririn kuka.

Sista ta ce, "Kin san ba ke zan rubuta wa wannan ba." Na ce na sani. Ta ce layi ba zai sake zagayowa kaina ba sai wani satin.

Ba don kwamiti na yi ba, kar ma su ji. Bayana ne ke ciwo yau, shi ke nan.

Har yanzu tara.