Hannun Amamatu a Jikin Roba

Salaga, Afrilu 1967

Zuwa ga Yayata Hanatu, a Bawku.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya saka miki da alheri kan wahalar hanya da kika sha kika zo addu'ar arba'in ta matata Amamatu. Tun da kuka watse gidan ya yi mana girma, ni da 'yata Latifatu.

Kin ce in nemi abin da zai ɗauke mini hankali. To na samu, kuma na san za ki ce haukan Zibrim ya motsa. Kin tuna injin da na ba ki labarinsa, wanda na gani a masana'antar roba lokacin da nake lebura a Tema? Na haɗa nawa. Akwatin katako ne, na huhhuda samansa da ƙusa kamar rariya. Na samo famfon tayar lori na juya fatar cikinsa, maimakon ya hura iska sai ya zuƙe ta daga wata tukunyar ƙarfe da na haɗa da akwatin. Fallayen roba kuwa Imoro direba ke kawo mini daga Kumasi, rarar da masu yin allon talla ke zubarwa. Sai in matse falle ɗaya tsakanin katako, in riƙe shi bisa garwashi har ya yi laushi, in kifa shi kan abin da nake so, in buɗe bakin tukunya. Kafin ƙiftawar ido robar ta rungume abin ta ɗauki siffarsa.

Na ƙona roba har maƙwabta suka gaji da tari suka koma zagi, sannan hannuna ya faɗa. Murafan kwano nake yi, saboda ƙuda. Da na rasa abin da zan riƙa kifa robar a kai, sai idona ya kai kan murfin yumɓun nan da Amamatu ta gina wa tukunyar kokonta. Kin san ta danna hannunta a samansa tun yana ɗanye, don a sami wurin kamawa. Da farko robar ta ƙi shiga gurbin yatsun, iska na maƙalewa a ciki, dole sai da na huda kowane yatsa da basilla. Yanzu murafan na fitowa tsaf, har Imoro ya fara kai su kasuwanni.

Latifatu tana cin abinci. Har yau dai ba ta yi kuka ba, kuma abin yana damuna.

Ki gaida kowa. Naki ƙane,
Zibrim


Bawku, Mayu 1967

Ƙanena Zibrim,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai zafi da tsadar gero. Na ji labarin injinka. Ban yi mamaki ba, tun kana yaro kake kwance duk abin da Allah ya haɗa a gidanmu, har agogon Baba bai tsira ba.

Amma ka ji abin da ya same ni ranar kasuwa. Ina zaune a rumfata, sai ga wata mata daga Garu ta zo sayen gishiri da kwano a ka, an rufe shi da wani shuɗin abu. Da ta sauke, na kai hannu in taya ta, sai yatsuna suka faɗa cikin yatsun Amamatu. Har da ɗan ƙaramin da ya karkace tun da ƙofa ta datse shi. Wallahi sai na zauna a ƙasa. Matar ta ɗauka jiri ne ya kama ni, ta yi ta yi mini fifita, tana yabon murfin, wai yana da daɗin kamawa.

Da na zaga layin masu kwanuka sai na tarar da su jere a kan tabarma, shuɗi, ja, ruwan ɗorawa, kowanne da hannunta a buɗe yana kallon sama. Na yi wa Amamatu wankan gawa da hannuna, Zibrim. Ban yi tsammanin zan sake gamuwa da ita a kasuwar Bawku ana cinikinta ba.

Ranar arba'in mun raba kayanta sadaka kamar yadda ake yi, har tsintsiya ba mu bari ba. Yaya aka yi murfin nan ya kuɓuce mana? Kuma a duk Salaga ka rasa ƙwarya ko akushi da za ka kifa robarka a kai? Ruwa ba ya tsami banza. Ka ce yarinya tana cin abinci, amma ba ka ce tana wasa ba, ba ka ce tana zuwa makaranta ba. Ka rubuto mini gaskiya.

Yayarka,
Hanatu


Yendi, farkon Rabi'ul Awwal 1387

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga Abdul-Kadiri zuwa ga Malam Zibrim, mijin ƙanwata marigayiya, Allah ya haskaka kabarinta. Aminci ya tabbata a gare ka. Bayan haka:

Ba al'adata ba ce shiga sana'ar mutum. Neman halali ibada ne. Sai dai a makon jiya iyalina ta kawo mini tuwo a rufe da wani murfi da ta saya a kasuwa, ba ta san ko mene ne ba. Ni na sani. Na riƙe hannun nan na kai shi makaranta yana ƙarami, na kuma riƙe shi ranar da na damƙa maka shi. Ban iya cin tuwon ba.

Na tambayi Imoro direba, ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya faɗa mini cewa Latifatu ta daina zuwa makarantar allo, tana wuni tsugune gefen garwashi cikin hayaƙin roba, ta rame, kuma ba ta magana da kowa sai kai. Ya ce murafan da ke jibge a ɗakinka sun fi ƙarfin abin da kasuwa za ta ɗauka, amma ba ka daina bugawa ba.

Mutuwa rigar kowa ce. Wanda Allah ya karɓa, a bi shi da addu'a, a sake shi. Yarinya 'yar shekara shida ba za ta koyi wannan ba in babba bai koya mata ba. Ni kawunta ne, ina da hakki a kanta kuma za a tambaye ni. Da zarar an gama bikin Damba zan zo Salaga in taho da ita, ta zauna cikin 'yan uwanta ta yi karatu. Ina sanar da kai tun yanzu ne don kada zuwana ya zame maka ba-zata, ba don neman shawara ba.

Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Wassalam.


Salaga, Yuni 1967

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kin ce in faɗi gaskiya, ga ta, don ba ni da sauran wanda zan faɗa wa. Malam Abdul-Kadiri ya rubuto zai zo bayan Damba ya ɗauke Latifatu.

Murfin ba kuɓuce muku ya yi ba, Latifatu ce ta ɓoye shi a ƙarƙashin tabarmarta, ni ma sai daga baya na gani. Ranar da na buga na farko tana tsaye. Kin san roba in ta fito daga inji takan ɗan jima da ɗumi. Ina cire ta sai yarinyar nan ta matso ta sa hannunta a cikin gurbin. Ta rufe ido. Na ga fuskarta ta sake, irin yadda ban gani ba tun ranar da aka fitar da uwarta. Can sai ta buɗe ido ta ce, "Baba, hannun Mma ya huce. Ka sake."

Na sake. Yaya, wa zai ƙi?

Tun daga ranar haka muke. Da safe ba ta shan koko sai na hura wuta. Ta san lokacin da robar ta yi laushi fiye da ni, da ido kawai. Na gwada ɗumama tsohon murfi a rana in ba ta, ta ture, ta ce ba shi ba ne, wannan Mma ba ta taɓa shi yanzu ba. A wurinta duk sanda roba ta kwanta kan yumɓun, uwarta ce ta danna hannu daga ƙasa. Ni da na haɗa injin da ƙusa da fatar famfo, na san iska ce kawai. Amma in na buɗe bakin tukunyar, injin yakan yi wani dogon numfashi, sai yatsun nan su fito ɗaya bayan ɗaya a jikin robar. Ranar Juma'ar da ta wuce na kama kaina ina yi mata sannu da zuwa.

Na san Malam yana da gaskiya a wani wuri. Amma in aka ɗauke ta, an raba ta da uwa da uba a rana ɗaya, ni kuma a bar ni da wa? Yana jin maganarki. Don Allah ki rubuta masa ya ƙara mini lokaci, zan janye ta a hankali. Komai na inji lafiya lau, babu abin damuwa ta nan.

Ƙanenki,
Zibrim


Bawku, ƙarshen Yuni 1967

Zibrim,

Na amsa gaisuwarka. Na karanta takardarka na yi kuka har maigida ya tambaya ko wani ne ya sake rasuwa.

Amma kada ka ce mini komai lafiya. Robarka ba ta ɓoye komai, ta kuwa tona ka. Murafan da suka fara zuwa kasuwarmu sumul suke. Na watan jiya akwai wani siririn layi kamar gashi daga tushen babban yatsa. Waɗanda Imoro ya sauke wannan makon, layin ya ratsa tafin hannun ya kusa kai bakin murfi. Yumɓun yana tsagewa, kuma daga inda ka huda ya fara. Ka fi ni sanin haka, kai da kake ɗora masa wuta kullum.

Wane lokaci kake so in roƙa maka? Lokacin ba a hannun Malam yake ba. Ranar da abin nan ya rabe biyu a gaban yarinyar, uwarta ta sake mutuwa, kuma wannan karon tana kallo. Ka shirya abin da za ka ce mata?

Na rubuta wa Malam, amma ba abin da ka ce ba. Na ce masa in ya zo kada ya shigo da faɗa, ya zauna ya kwana biyu ya gani da idonsa, sannan ya yanke. Kai kuma ka daina tsayawa bayan inji kana barin roba tana yi maka renon 'ya. Ka zaunar da ita ka gaya mata inda uwarta take. Tsoro kake ji, na sani, ni ma ina ji.

Allah ya kawo mana da sauƙi.
Hanatu


Salaga, Yuli 1967

Yaya,

Sallama. Murfin yumɓun ya fashe, Malam yana zaune a wurin. Latifatu ce ta buɗe bakin tukunyar da kanta.

Ta tsaya tana kallon ɓarin, sannan ta tambaye ni ko za a iya gyarawa. Na durƙusa na ce mata a'a, Mma ta rasu, tana maƙabarta, ba ta dawowa. Sai ta fasa kukan da ba ta yi ba tun farko, har maƙwabta suka shigo. Da ta gaji ta yi barci a jikina, Malam ya ce in mayar da ita makaranta ranar Asabar, zai dawo bayan damina ya duba. Ya koma Yendi shi kaɗai.

Ƙarya na yi mata, Yaya. Ana iya gyarawa. In aka kifa ɗaya daga cikin murafan farko aka zuba siminti a ciki, kwana kaɗan hannun ya dawo, wanda wuta ba za ta fasa ba. Ba wanda ya san haka a gidan nan sai ni, kuma tun ranar abin bai bar kaina ba. Shi ya sa na loda wa Imoro duk murafan da ke ɗakin, na ce ya rabar a hanya.

Na san kin sayi ɗaya kin ajiye, na san halinki. Nan gaba zan rubuto in ce ki aiko mini da shi, zan kawo dalilai masu kyau. Kada ki aiko.

Ƙanenki,
Zibrim