Kwat ɗin Shagon Ila

Unguwar Sarki, Kaduna
9 ga Yuli, 1988

Ƙanena Rabe,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin Inna? Yaya Safara'u da yara? Ina fata damina ta zauna a Malumfashi.

Ku kwantar da hankalinku, na sami abin yi bayan rage mu da aka yi a wurin aiki. Ni ne akawun Ila mai hoto, a shagon nake kwana, wai taya shi gadi nake yi. Da na zo, littafin kuɗinsa aljihun dama ne da na hagu. Yanzu banki na son bayanin riba da asara kafin su ba shi rancen injin hoto mai kala. In suka hana, shagon ba zai ga ƙarshen shekara ba.

Da muke jera kadarori a gaban manajan banki, sai na lissafa har da kwat ɗin da ake ara wa masu zuwa hoto. Ila ya ce, "Malam Sanda, wannan tsumman?" Na ce, "Direbobi da 'yan dako nawa ta mayar manyan ma'aikata a idon iyayensu? Ta fi kyamararka aiki." Manajan banki ya yi dariya, ya riƙe takardun, ya ce mu dawo Litinin.

Ga hotona nan ciki, sanye da kwat ɗin. Ka nuna wa Inna, amma ban da bayanin kwat ɗin. Ta sa mu a addu'a. In an dace, na gaba zai zo da kala, kuma cikin rigar kaina.

Yayanka,
Sanda