Horon da Ba a Yi Mana Ba

Khalilu Dabo,
Mai Ƙona Shara,
Asibitin Sha-ka-tafi na Rijiyar Dabo,
Yankin Dawakin Tofa.
19 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga Shugaban Sashen Horar da Ma'aikata da Kare Lafiyarsu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SABON TSARIN HORARWA TA WAYA DA HANA NI KAYAN KARIYA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina da tambayar da na kasa amsawa. Idan mutum ba zai tsare hannunsa daga cuta ba sai ya yi shaidar zur, laifin nasa ne ko na wanda ya shimfiɗa ƙa'idar? Ban yi boko mai zurfi ba, da kaina na koyi rubutu, amma na duba, na tambayi malamai biyu, ban samu natsuwa ba.

1. Ranar 3 ga Yuni aka sanar da mu cewa horon kare kai ya koma waya, kuma sito ba zai ba kowa safar hannu da takalmin roba ba sai na'ura ta nuna ya ci jarrabawa. Tambayoyin duk da Turanci suke, ba wanda aka turo ya fassara.

2. Ranar 10 ga Yuni akawun asibiti, Malam Kamilu, ya amsa wa mutum shida tambayoyin a wayarsa, kowa ya dangwala yatsa. Ba mugunta ya yi ba, wa'adi aka ba shi. Ni na ƙi, domin ba a koya mini komai ba.

3. Tun daga ranar, mako goma ke nan, da leda nake naɗe hannu in kwashe allurai da audugar jini zuwa rami. Sabuwar safa a kasuwa ta fi ƙarfin mai neman awon masara a bana. Da hannun nan nake cin tuwo kwano ɗaya da 'ya'yana.

4. Ranar 6 ga Agusta allura ta soki Sauda, mai sharar ɗakin haihuwa, ɗaya daga cikin mutum shidan nan, a cikin kwandon da ba na allura ba. Aka ba ta takardar tuhuma wai ta yi sakaci bayan ta ci maki casa'in da biyu. Ranka ya daɗe, baiwar Allah nan ko sunanta ba ta iya karantawa da boko.

Ina roƙo a janye tuhumar Sauda a ci gaba da duba jininta, a turo mai koyarwa da Hausa, a raba kayan kariya ba tare da sharaɗi ba.

A ƙarshe ina sanar da kai cewa jiya, bayan leda ta yage a tafina, na je wurin Malam Kamilu ya amsa mini tambayoyin, na dangwala. Na'urarku ta ba ni maki tamanin da takwas, sito ya ba ni safa. Makin nan ƙarya ne, a rubuta cewa ni na faɗa.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Khalilu Dabo