Sunan Baba a Jikin Kwalba

Al Qusais, Dubai
4 ga Maris

Yaya Murjanatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da su Baba da yara. Na ba Alhaji Fahad mai jigilar kaya takardar nan ya kawo miki, don bakina ba zai iya faɗar abin a waya ba.

Shekara uku ina ce muku sito nake tsarewa a kamfanin kayan abinci. Sito ne, amma na giya. Giyar inabi muke shigowa da ita wa otel-otel, daga ƙananan manoman kudancin Faransa. Ban taɓa kurɓa ba wallahi, sai dai ni nake jera ta.

Kin tuna ƙahonnin da na roƙi Baba bara waccan? Na wani tsoho ne, Bernar, cikin manoman nan. Ba ya sa takin zamani, ba ya feshi. Kashin shanu yake cusawa a ƙahon saniya ya binne, bayan wata shida ya tono ya dama da ruwa ya yayyafa a gona, kuma sai ya duba wata kafin ya taɓa reshe. Da ya zo nan ya ji ubana tsohon mahauci ne, ya liƙe min. Baba da kansa ya je kwata ya zaɓo ƙaho arba'in na shanun da suka haihu, har ya yi addu'a Allah ya sa wa gonar albarka. Inabi kawai na ce masa.

Jiya kaya suka iso. Na buɗe kwali, sai ga kwalba da zanen farin ƙaho, an rubuta MALAM HALLIRU a ƙasa. Wai godiya ce. Yaya, sunan Baba, ladanin unguwarmu, a jikin kwalbar giya. Kunya ta hana ni cin abinci. Ki gaya min yadda zan yi.

Ƙaninki,
Salmanu

Kano
12 ga Maris

Salmanu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, ban da ni tunda na karanta takardarka.

Ba ka taɓa kurɓa ba, to sannu, a kawo maka lambar yabo. Tambaya ɗaya gare ni: a ina Baturen ya samu sunan? Baba dai bai taɓa ganinsa ba, kuma ba a jikin ƙaho aka rubuta ba.

Ka san har yau yana ba abokansa labari a dakalin masallaci, wai Turawa sun gaji da takin buhu sun dawo kan kashin shanu, kuma ƙahon Kano suke nema? Shekaranjiya cewa ya yi in tuna maka ka aiko masa da inabin ya ɗanɗana.

'Yan unguwarmu nawa ne ke shiga Dubai duk wata? Mutum ɗaya ya ɗauki hoto, shi ke nan. Ka sa a cire sunan. In ba zai ciru ba, ka gaya wa Baba da kanka. Ni ba zan ɗaukar maka wannan ba.

Allah ya shirye ka.
Yayarka,
Murjanatu

Al Qusais
20 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ni na ba shi sunan. Ya tambaye ni ko mahaifina zai ji daɗi in ya sa wa amfanin gonar sunansa. Dattijo ne, ya riƙe hannuna yana murmushi, na ji nauyin in ce masa a'a. Na sunkuyar da kai na ce insha Allah. A zatona ya gane, kamar yadda ɗan gida zai gane. Shi kuwa ya ɗauka na yarda.

Na kira shi na yi masa bayani. Ya ce ko kakansa bai yi wa wannan karramawar ba. Ya yi alkawarin badi ba zai sake ba. Amma ta bana aikin gama ya gama, ta riga ta watsu ƙasa huɗu.

Ga takardar Baba a ciki, na faɗa masa komai. Ki miƙa masa kawai, ba sai kin tsaya ba.

Ki yafe min.
Salmanu

Kano
29 ga Maris

Salmanu,

Bayan sallama. Na karanta.

Ka gaida Bernar, ka ce ban riƙe shi ba. Ya girmama ni da abin da ya sani. Kai ne ka san abin da bai sani ba, ka yi shiru.

Tun ranar Juma'a Malam Idris ke kiran sallah. Ba zan ɗaga murya in kira mutane ba alhali ana ɗaga sunana a kan teburin mashaya. Jama'a sun tambaye ni dalili, na ce maƙogwaro ne. Shekara talatin da ɗaya ina tsayawa a ƙofar masallacin nan ban yi ƙarya ba, sai wannan, kuma don in rufa maka asiri na yi ta.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka,
Halliru